Mako Guda a Kan Sirdi Cikin Tsohuwar Ƙasar Zinariya: Afirka ta Kudu ko Kanada?

Bayan hawan babbar sallar da ta wuce muna zaune a ƙofar barga a ƙauyenmu da ke kudu da Rano, yara suna kwance wa dawaki kaya, sai ɗan yayana wanda yake aikin likita a birni ya matso kusa da ni ya ce, "Baffa, shawara nake nema." Ashe ya daɗe yana tara kuɗi domin irin tafiyar nan da ake hawa doki a shiga daji kwana biyar ko mako guda, a bi tsofaffin hanyoyin masu haƙar zinariya, a kwana inda aka yada zango. Ya tace wurare da yawa har suka rage saura biyu, wato tsaunukan lardin Mpumalanga a Afirka ta Kudu, da tsaunukan Chilcotin ta Kudu a lardin Birtish Kolombiya na Kanada. Ya zo wurina ne saboda na shafe shekaru ina koyar da labarin ƙasa, kuma tun ina yaro nake cikin dawaki. Amsar da na ba shi ta kai mu har bayan isha'i, kuma da na ji ba shi kaɗai ba ne yake wannan lissafi a cikin matasan da ke kilisa, sai na ga ya kamata in rubuta ta.

Abin da na fara tambayarsa shi ne me ya hana shi yin ta a gida, tun da mu ma muna da ƙasar zinariya. Shi da kansa ya san amsar. An haƙi zinariya a Birnin Gwari tun zamanin Turawa, ana kuma haƙar ta a Anka da Maru da Bukkuyum, amma babu mai hankalin da zai ɗaura sirdi a yau ya shiga waɗannan dazuzzuka da sunan shaƙatawa. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, a 2019 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda 'yan bindiga. Zinariyarmu tarihinta bai huce ba tukuna, shi ya sa mai son ya bi sawun masu haƙa cikin kwanciyar hankali yake duban waje.

A Mpumalanga ta Afirka ta Kudu labarin ya fara ne a 1873, lokacin da wani mai yawon nema da ake kira Alec Patterson ya sami zinariya a wani rafi, aka yi ca a wurin, garin Pilgrim's Rest ya tashi. A 1882 aka same ta a Kaapsehoop, wani ƙauye da ke kan bakin tsauni, tudun da ya haura mita 1,500, a 1884 kuma aka gano jijiyarta a cikin dutse a wurin da ya zama garin Barberton, inda mahaƙar Sheba da aka buɗe a wancan zamani take cikin mafiya daɗewa da ke aiki a duniya. Sai dai kasuwar ba ta daɗe tana ci ba, domin a 1886 aka gano zinariyar da ta haifi Johannesburg, jama'a suka kwashe suka koma can, aka bar kufai irin na Eureka City a kan tudu. Abin da zai fi burge mai doki shi ne cewa har yau akwai garken dawaki da ke yawo sakaka a Kaapsehoop babu mai su, suna shiga cikin ƙauyen suna kiwo a bakin gidaje, kuma ana danganta asalinsu da dabbobin da mutanen wancan lokaci suka bari. Duwatsun Barberton kuwa suna cikin mafiya tsufa a doron ƙasa, wasunsu sun haura shekara biliyan uku, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya.

A Kanada rububin ya riga wannan, domin a 1858 ne aka cika kogin Fraser da masu nema, daga nan suka yi ta hawa arewa har ƙasar Cariboo, inda Billy Barker ya haƙo arziki a 1862 aka sa wa garin Barkerville sunansa. Akwai wani abu a cikin wannan tarihi da kullum yake ba ni dariya. A shekarar 1862 wasu 'yan kasuwa suka shigo da raƙuma ashirin da 'yan kai, masu tozo biyu, domin su riƙa kai wa masu haƙa kaya, amma duwatsu suka yayyage musu tafin ƙafa, warinsu kuma ya riƙa firgita dawaki da alfadarai a kan siririyar hanyar bakin kwazazzabo, har dole aka sake su. Da sun tambayi kowane Buzu a Agadas, da ya gaya musu cewa raƙumi na rairayi ne. Yankin da ake hawan doki a yau yana kudu da can sosai, a saman kwarin kogin Bridge, kusa da ƙauyen Gold Bridge da mahaƙar Bralorne wadda ta yi aiki daga 1932 zuwa 1971, kuma ita da maƙwabciyarta Pioneer sun fitar da zinariya fiye da oza miliyan huɗu. Turbobin da ake bi a cikin tsaunukan na 'yan asalin ƙasar ne tun fil azal, daga baya masu neman ma'adinai suka faɗaɗa su da dawakin kaya. Ba tarihi ne mai daɗi duka ba: cutar agana ta 1862 ta yi wa 'yan asalin ƙasar mummunar ɓarna, a 1864 kuma aka yi faɗa a kan wata hanya da ake son yankawa ta ƙasar Chilcotin zuwa wuraren zinariya, aka rataye shugabannin 'yan asalin Chilcotin, sai a 2018 gwamnatin Kanada ta wanke su a gaban majalisa.

Wanda tarihin ne ya fi jan hankalinsa ya sani cewa a ƙasashen biyu garin da aka fi adanawa ba ya kan hanyar doki. Pilgrim's Rest, wanda aka mai da shi wurin tarihi na ƙasa a 1986, tafiyar mota ce ta 'yan awanni daga Kaapsehoop, ana iya zuwa a dawo a wuni guda. Barkerville kuwa yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Gold Bridge, sai mutum ya ware masa kwanaki na musamman. A nan Afirka ta Kudu ta yi gaba, saboda komai nata a tattare yake.

Amma ainihin bambancin yana cikin yanayin tafiyar kanta. A Mpumalanga mahayi yana ratsa filayen ciyawa na kan tudu, da gonakin itatuwa da aka dasa domin katako, cikinsu har da turare irin wanda muke dasawa a bakin makarantu, yana bin bakin tsauni yana hango kwari a ƙasa. Ƙasar tana da masu ita, akwai shinge, akwai ƙofofi, akwai hanyoyin mota da ake tsallakawa, kuma galibi ana kwana ne a ɗaki ko a sansanin da mota take iya kai masa kaya da abinci. Inda fili ya buɗe jagora yakan bari a saki linzami a ɗan yi sukuwa. A Chilcotin kuwa abin da ake yi ya fi kama da ayarin kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Akwai jagora wanda shi ne madugu, akwai dawakin da aikinsu ɗaukar kaya ne kawai, an ɗaura musu tantuna da tukwane da guzuri an jera su a igiya, kuma da zarar an bar bakin hanya babu mota, babu wutar lantarki, babu layin waya. Ana hawa mashigin tsaunukan da suka haura mita 2,000, ana ƙetare rafukan da ruwansu narkakkiyar ƙanƙara ce, kuma kusan duk tafiyar taku ce, doki a bayan doki, awa biyar ko shida a wuni, domin wanda yake jan dabbar kaya a kan gangare ba ya sukuwa. A can ne mutum zai gane abin da ake nufi da cewa sannu ba ta hana zuwa.

Da na kai nan sai yaron ya ce, "Baffa, ai in dai hawa ne ba ni da matsala, tun ina shekara bakwai nake bin hakimi." Na ce masa nan ne ma matsalar take. Hawanmu na salla gwaninta ce ta gaske, amma gwanintar awa biyu ce ko uku: a yi ado, a yi taƙama, a saki ingarma ya zo a guje, a ja linzami ya yi zamiya a gaban sarki, a jinjina, a koma gida. Jikin da ya saba da wannan bai san abin da kwana uku a jere a kan sirdi yake yi wa gwiwa da ƙugu da cinya ba. Linzaminmu kuma mai kaifi ne, hannunmu ya saba da riƙe ingarma mai zafin kai, alhali dawakin da ake ba baƙi a ƙasashen biyu dandaƙaƙƙu ne ko goɗiyoyi, masu taushin baki, waɗanda aka horar da linzami mai sauƙi. Idan Bakano ya fizge su yadda yake fizgar nasa, ko dai dokin ya ɗaga kai ya rikice a wurin da bai kamata ba, ko kuma jagora ya sauke shi. Wanda yake ganin hawan goɗiya ƙasƙanci ne gara ya ajiye wannan ra'ayi a gida, domin a kan gangaren dutse ba ya da abokin da ya fi dabba mai sanyin hali.

Ta wajen sirdi, abin mamaki, Kanada ce ta fi kusa da mu. Sirdin makiyayan shanu na can yana da nauyi, yana da tudu gaba da baya, yana rungume mahayi kamar namu, likkafarsa mai faɗi ce kuma ana sakin ta da tsawo, ana riƙe linzami da hannu ɗaya a sake, a karkata doki ta hanyar ɗora masa igiyar a wuya. A Afirka ta Kudu an fi samun sirdi mara nauyi, wani lokaci irin na Ingilishi wanda ba shi da abin jingina, kuma wanda bai saba da shi ba zai ji kamar an ɗora shi a kan faranti, musamman idan doki ya fara sassarfa. Wannan abu ne da ake iya tambaya tun kafin a biya, haka ma iyakar nauyin mahayi, domin masu barga da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce kilo 90 zuwa 100. Dawakin Afirka ta Kudu, irin su Boerperd, ba su fi namu girma sosai ba, suna da juriya, suna da tabbacin ƙafa. Na Kanada sun fi kauri da faɗin baya, kuma wannan faɗin shi ne yake buɗe cinyar ɗan Hausa har ya kasa tsugunawa a daren farko.

Lokaci ma ya raba su. Afirka ta Kudu tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka daminar Mpumalanga daga Oktoba ce zuwa Maris, da tsawa da hazo mai rufe bakin tsauni, kuma a lokacin ne ƙananan ƙwari masu yaɗa cutar dawaki suke yawa. Daga Mayu zuwa Agusta rani ne mai sanyi, rana tana fitowa tas, dare kuma yakan yi sanyin da ya ɗara hunturunmu, amma wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Janairu ba zai ce an ci amanarsa ba. Ana iya hawa kusan duk shekara. A Chilcotin ƙofar ƙarama ce, daga wajen Yuli zuwa Satumba, domin kafin nan ƙanƙara ta toshe mashigai, kuma ko a tsakiyar Agusta dusar ƙanƙara tana iya sauko wa ayari a kan tudu. A 'yan shekarun nan gobarar daji ta ƙara wani rashin tabbas, kamar yadda aka gani a 2023, lokacin da wuta ta ci gidaje a kusa da Gold Bridge aka kwashe mutane. Wanda ya sayi tikiti daga Kano watanni kafin lokaci, ya isa aka ce an rufe daji, asararsa ba ƙarama ba ce.

Game da haɗari, kowace ƙasa da irin nata. A Kanada dabba ce: tsaunukan gidan manyan beyar ne, wato ƙatuwar dabbar daji mai gashi da ke bin ƙamshin abinci, shi ya sa ba a barin abinci ko wani abu mai ƙamshi a cikin tanti, kuma mai son shafa turare da daddare sai ya haƙura. Idan mutum ya faɗo ya karye, taimako daga sama yake zuwa, da jirgi mai saukar ungulu, saboda haka inshorar da ta ƙunshi hawan doki da ɗauko majinyaci daga daji wajibi ce. A Afirka ta Kudu haɗarin ɗan Adam ne. Tsofaffin ramukan Barberton da Pilgrim's Rest suna jan masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ake kira zama zama, wasunsu da makamai, don haka ba a leƙa rami ba tare da jagora ba. Ɗan Najeriya kuma yana da nasa lissafin daban, domin ba a manta da hare-haren ƙin baƙi na 2019 ba, lokacin da har aka kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarmu da jirgi. Waɗannan abubuwa a unguwannin manyan birane suka fi faruwa, ba a ƙauyen kan dutse ba, amma hikima ita ce mutum ya sauka a filin jirgi ya wuce kai tsaye. Wanda zai gangara ƙasa wajen gandun dajin Kruger ya tuna akwai zazzaɓin cizon sauro a can.

Na daɗe da shi a kan maganar salla da abinci, domin nan ne matafiyinmu yake shan wahalar da takardun talla ba sa ambata. Mu a nan idan an ce a fuskanci gabas an gama magana, amma a wuraren biyu alƙibla tana wajen arewa ne, ta ɗan karkata gabas, saboda haka ya riƙe abin duba alƙibla wanda ba ya bukatar intanet. A Mpumalanga tsawon wuni bai yi nisa da namu ba, agogonsu ma awa ɗaya kawai ya fi namu. A Chilcotin a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, shafaƙi yana daɗewa bai gushe ba, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, ga bambancin awa takwas da gida wanda yake birkita barci. Sauƙin da addini ya yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli zai yi masa amfani, kuma ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan huffi kafin ya tashi, domin alwala da ruwan ƙanƙara sau biyar ba wasa ba ce. Abinci kuwa Afirka ta Kudu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, saboda tana da tsohuwar al'ummar Musulmi, naman halal yana da shaida a manyan kantuna, ana samun sa a Mbombela wadda ke kusa da Kaapsehoop, tuwon masararsu ma ɗan'uwan namu ne. A sansanin Kanada naman alade yakan shiga karin kumallo, kuma tun da abin da aka ɗaura wa dawaki shi za a ci har a dawo, dole a gaya wa mai dafa abinci makonni kafin tafiya, a nemi kifi da wake da ƙwai, a kuma nemi a ware masa kasko. Kada ya yi tunanin kilishi zai cece shi, domin ba a yarda a shiga ƙasar da nama daga nan ba.

Hanya da takardu ba su bukatar dogon bayani. Daga Legas akwai jirgi kai tsaye zuwa Johannesburg, wajen awa shida, daga nan mota awa huɗu ko kusa da haka zuwa Mbombela, kuma ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara. Zuwa Vancouver, babban birnin da ake sauka a Birtish Kolombiya, babu jirgi kai tsaye, sai an sauka a Turai ko Gabas ta Tsakiya, sannan a yi doguwar tafiyar mota wadda ƙarshenta hanyar burji ce. Duka biyun suna bukatar biza, ta Kanada ta fi tsauri da jinkiri, kuma idan aka haɗa jirgi da kuɗin ayari da kayan sanyi, tafiyar Kanada ta ninka ɗayar.

Hukuncin da na yanke masa shi ne ya fara da Afirka ta Kudu, a watan Mayu ko Agusta, ya ɗauki ta kwana uku ko huɗu, ya ware kwana biyu na Barberton da Pilgrim's Rest da mota. A can idan jikinsa ya gaza a rana ta biyu akwai motar da za ta ɗauke shi, abincinsa da sallarsa ba za su zame masa yaƙi ba, kuma zai ga tarihin zinariya da yawa a ƙaramin fili. Amma ban ɓoye masa ba cewa ni da ina da ƙuruciyarsa Kanada zuciyata za ta fi so, domin ita ce take ba da abin da ya ɓace mana, wato tafiyar ayari inda dabba ce motarka kuma ita ce ma'ajiyarka, inda ake ɗaure kaya da asuba a kwance su da yamma. Wanda wannan ne muradinsa, ba ramuka da tsofaffin gine-gine ba, Mpumalanga za ta yi masa kama da gona mai shinge.

Sai dai na kafa masa sharaɗi ɗaya kafin ya aika wa kowa da ko kwabo. Bayan kaka, idan an kawar da amfanin gona, burtali ya buɗe, harawa ta yi araha, za mu ɗaura sirdi daga nan mu bi ta Tiga mu gangara wajen Tudun Wada, kwana uku, taku kawai, ba kaimi ba sukuwa, da jaki ɗaya ɗauke da dusa da tabarmi, muna sanar da dagatai muna kwana a ƙofar masu gari. Daga can kudu ake nufar duwatsun Riruwai, inda mutanenmu suke narka kuza tun kafin zuwan Turawa, amma ba za mu ratsa dajin Falgore a kan doki ba, wannan ɓangaren da mota za a yi shi da rana, bayan an tambayi halin da hanya take ciki. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ashe jarrabawa za ka yi mini." Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma goɗiyar maƙwabcinmu zan aro masa, da linzami mafi taushi da ke rataye a bargar nan.